Kwalba Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Tun muna yara Baba ya sa wa yayata suna Sikeli, saboda in aka ba ta lemo ta raba mana, sai ta ɓare shi ta ƙirga sala-sala, in ɗaya ta yi saura ta nemo wuƙa. Mu kuwa muna tsaye yawunmu na tsinkewa. Sunan ya bi ta har jami'a, har ta zama Dakta, har furfura ta fito mata a gefen kunne. A wurin aiki ba mai kiran ta haka a gaban idonta, amma na san suna faɗa a bayanta, domin ni ma a nan nake aiki. Ita tana ɗakin gwaje-gwaje a hawa na uku, shekara ashirin da huɗu tana neman sabon maganin tarin fuka. Ni ina ɗakin karatu a ƙasa, kusa da injin kwafi mai zafi kamar murhu.

Aikina ƙirga ambato ne. Duk sa'ad da wani masani a ko'ina cikin duniya ya rubuta takarda ya kafa hujja da binciken wani malaminmu, kwamfuta tana rubuta wa malamin ɗaya. In mutum zai nemi ƙarin girma, wurina yake zuwa in buga masa jerin takardunsa da yawan ambaton kowacce, in sa hannu, in danna hatimi. Na ga manya masu gemu suna lallashina in sake dubawa, ko Allah ya sa an samu ƙarin biyu tun safe. Ba na yi musu dariya sai sun fita.

Takardun Yaya talatin da ɗaya ne. Talatin daga ciki irin na talakawa ne, wannan ambato bakwai, waccan goma sha biyu, gaba ɗayansu ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Ɗayar kuwa ita kaɗai tana da ɗari shida da goma sha biyu. Dokar kwamitinmu na ƙarin girma ta ce ba a zama farfesa sai an kai ɗari takwas. Yaya ta haye da kyar a bara, kuma saura mata shekara biyu ta yi ritaya, kwamitin kuwa sau ɗaya yake zama a shekara biyu. Wato ko a zaman bana, ko babu. Mama ma ta riga ta fara kiran ta Farfesa a waya, tana jin daɗin kalmar a bakinta.

Takardar nan mai yawan ambato a kan wani farin gari ne da suka haɗa ita da malaminta, tsohon Farfesa, shekara goma sha biyu da suka wuce. Bai da suna sai lamba, arba'in da bakwai, don shi ne na arba'in da bakwai da suka gwada. An zuba shi a kan ƙwayoyin cutar a cikin faranti, suka mutu. Yaya ta yi mako uku tana haɗa shi da yawa, ta cika wata kwalba mai ruwan ƙasa, ta ajiye a ƙasan firij.

To, ga halin Yaya. In masu bincike na wasu ƙasashe suka rubuto suna son gwada abin da ka gano, yawancin mutane hanyar haɗawar kawai suke turawa, kowa ya ji da kansa. Yaya ta ce wannan rowa ce. Duk wanda ya roƙa sai ta buɗe firij, ta ɗebo ɗan kaɗan daga kwalbar, ta auna sau uku, ta naɗe ta aika masa. Ɗakunan gwaji sama da arba'in suka ci daga kwalbar nan. Kowa ya gwada ya ga ƙwayoyi sun mutu, ya rubuta, ya ambace ta. Ba wanda ya wahalar da kansa ya haɗa nasa, tunda ga na kyauta ya zo har gida.

A farkon shekarar nan kwalbar ta ƙare.

Wata ranar Talata da azahar ta kira ni a waya ta ce, “Auta, hawo.” Ba ta taɓa kira na sama a lokacin aiki ba, don haka na bar abin da nake yi na hau da sauri. Na same ta zaune a kan doguwar kujerar gwaji, ta cire safar hannu ɗaya ta manta da ɗayar. A gabanta faranti shida ne a jere.

“Duba nan,” ta ce. “Me kika gani?”

“Yaya, ni me na sani? Na ga ɗigo-ɗigo kamar burodi ya yi funfuna.”

“To, su ne. Suna nan da ransu, har ƙiba suke yi. Na sake haɗa arba'in da bakwai, na tace shi da sabon injin nan, ya fita tas. Sau uku ina haɗawa. Ko gezau ba su yi ba.”

Na ce watakila sabon ne ya lalace. Ta girgiza kai. Ta ce ta kankare ɗan abin da ya maƙale a gindin tsohuwar kwalbar ta sa an duba. Akwai wani ƙarfe da ake amfani da shi wajen haɗawa, wanda ya kamata a wanke shi ya fita gaba ɗaya. Tsohuwar hanyar tacewarsu ba ta fitar da shi duka ba. Ɓurɓushin ƙarfen nan ne yake kashe ƙwayoyin a faranti, ba garinta ba. Shekara goma sha biyu tana rarraba kuskure ɗaya a cikin ambulan, da hannunta, tana aunawa sau uku.

“Wa ya sani?” Abin da ya fara fitowa daga bakina ke nan, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Ta dube ni ta ce, “Ni.”

Ta yanke shawarar janye takardar. Ranar Asabar na raka ta gidan tsohon Farfesa, don sunansa na kan takardar, kuma mujallar da ta buga ta tana son duk marubuta su sa hannu in za a janye aiki. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya mutu, amma kansa garau. A falonsa, sama da talabijin, shafin farko na takardar nan ne a cikin firam. Yaya ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda take yi tun tana ɗaliba, sannan ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai katse ta ba.

Da ta gama ya ce, “'Yata, yaushe kwamiti zai zauna?”

“Wata huɗu, Malam.”

“To, ki bari su zauna. Abin da ya yi shekara goma sha biyu, wata huɗu ba za su kashe shi ba. Ba ƙarya kika yi ba, ba wanda ya sha garin nan ya mutu. Ki karɓi abinki, daga baya mu rubuta ɗan gyara a hankali.”

A raina na ce Allah ya yi maka albarka, tsoho.

Yaya ta ce, “Malam, akwai wata mata da ta rubuto min a watan jiya. Digirinta na uku gaba ɗaya a kan arba'in da bakwai ta ɗora shi. Tana jiran in aika mata. Me zan ce mata na wata huɗu?”

“Ki ce ya ƙare. Ai ya ƙare ɗin.”

“Malam, ka gafarce ni, ba zan iya ba.”

Ya ce shi aikin nan kaɗai ne za a tuna shi da shi, kuma ba zai sa hannu ya rushe shi da ƙafa ɗaya a kabari ba. Ya juya fuskarsa wajen taga. Muka yi masa sallama bai amsa ba. A mota Yaya ta riƙe sitiyari ta yi kuka, irin wanda ba sauti, sannan ta share ido ta tayar. Ranar Litinin ta aika wa mujallar wasiƙa da sa hannunta ita kaɗai, haɗe da duk sakamakon gwajin. Bayan mako shida suka amsa cewa sun yarda ko ba sa hannun Farfesa, za a janye.

Amma ni na san abin da Yaya ba ta sani ba. Kwamfutar da nake ƙirga da ita ba ta jin labari da wuri. Janyewa takan ɗauki wata biyu ko uku kafin ta bayyana a can. Ranar da za a rufe karɓar takardun masu neman ƙarin girma, na buga nata jerin tun da safe. Ɗari takwas da tamanin da uku, ba ja, ba alama. Na sa hannu. Na ɗauko hatimi ke nan sai ga ta a bakin teburina, da jakarta a kafaɗa.

Ta ɗauki takardar ta karanta daga sama har ƙasa. Ta ce, “Ba ni biro.”

“Yaya, don Allah ki saurare ni. Ni ba abin da na ƙara. Abin da kwamfuta ta faɗa yau shi na buga, dokar ma haka ta ce. Ko an zo bincike ba mai kama ni, ba mai kama ki.”

“Ba ni biro, Auta.”

“Kin janye ai! Kin yi naki. Wa ya ce sai kin bi kanki da wuƙa kuma? Kin san mutum nawa na danna wa hatimi a nan da suke ambaton junansu kamar masu rabon goro, wannan ya ambaci wancan, wancan ya rama? Duk sun zama farfesoshi, suna tafiya suna buɗa hannu. Ke da ko alli ba ki taɓa kaiwa gida ba!”

Muryata ta tashi har masu karatu suka ɗago kai. Ita kuwa ta miƙa hannu ta zari biro daga cikin kofin da ke kan teburina, ta nemo rula, ta ja layi miƙe sambal a kan takarda ta goma sha huɗu a jerin, wato ta arba'in da bakwai. A gefe ta rubuta “an janye” da kwanan wata. Ta soke jimillar ta rubuta ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Sannan ta turo min.

“Danna.”

Na danna. Hatimin ya fito a karkace. Na yi mako biyu ba na ɗaga wayarta.

Wasiƙar kwamiti layi uku ce. Sun yaba da gaskiyarta, sun ce ba ta cika sharaɗi ba. Mama ta daina kiran ta Farfesa ba tare da ta tambayi dalili ba, kuma wannan shirun ya fi min ciwo da a ce ta tambaya. Tsohon Farfesa har yau bai amsa gaisuwarta ba, duk da tana zuwa kowane wata ta zauna a falo ta gaida matarsa ta taso.

Ni dai ban huce ba, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci ina ganin ta fi mu duka, wani lokaci ina ganin taurin kai ne kawai ya samu riga mai kyau. Abin da ya fi ci min rai shi ne takardar ba ta mutu ba. Mutane ba sa komawa su karanta abin da suke ambata, daga jerin wani suke kwafa. Alamar janyewar ta fito da ja, ɓaro-ɓaro, amma lambar sai hawa take yi. Yanzu ɗari shida da arba'in da ɗaya.

Kowace Litinin da safe Yaya takan sauko wurina kafin ta hau sama. Sai in buga mata sunayen waɗanda suka ambace ta a wannan makon da adireshinsu, ta tafi ta rubuta wa kowa wasiƙa, ta gaya masa kada ya dogara da aikinta. Yawancinsu ba sa amsawa. Saura mata wata goma sha huɗu ta miƙa mukullin ɗakin gwajin. Ran nan ina miƙa mata takardar ta tsaya tana kallon sunayen, mutum huɗu, sannan ta ce, “Auta, in na tafi za ki ci gaba da turo min gida?”

Na ce zan turo.