Hular Yallaɓai Bukar da Sabon Bututu

Cikin shekarun da na yi a ɗakin gyaran makamai, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce Alhamis ɗin da Yallaɓai Bukar ya aiko a kira ni gidansa na Kwaciri. Lokacin ina saje, damina ta yi nisa, shi kuwa ya daɗe da yin ritaya. Ku sababbin shiga ba ku san shi ba. Shi ya shugabanci sashenmu, shi ya ɗauke ni aiki, kuma shi ya kafa dokar da muke bi har yau: ba a taɓa cikin bindiga a gida, kuma duk wanda ya ce bindiga ta yi, shi zai fara harba ta.

Yana da bindigar farauta mai lasisi, gadon mahaifinsa tun suna Borno. Bututunta ya cinye, ga gyado sun addabi masararsa a gona. Ya sayi sabon bututu wajen dillali mai izini, amma maimakon ya kawo mana, sai ya ga tunda ya shugabanci masu gyara, ai shi ma mai gyara ne. Ya aro abin matse ƙarfe wajen wani makanike a Sabon Gari, ya jingina wayarsa da gwangwanin madara a gareji, Bature yana yi a bidiyo, shi ma yana yi. Asabar zai je gona ya gwada. Ga shi ba a daɗe da yi masa aikin cire yana a idon dama ba, kuma shi ne idon da ya rage masa mai gani sosai.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Idan aka sauya bututu, dole a auna tazarar da ke tsakanin sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke kulle harsashi daga baya, da gindin harsashi. In ta yi yawa, kwanson harsashi kan fashe, wuta ta dawo baya, daidai inda mai harbi ya kwantar da kuncinsa. Ƙarafa biyu muke aunawa da su, masu siffar harsashi. Na farko, sakata ta rufe a kansa. Na biyu kuwa aikinsa ke nan ya ƙi. In sakata ta rufe a kan na biyu, harba bindigar haɗari ne.

Na tarar da shi a falo da mutanensa biyu na kullum, Alhaji Sani mai shagon atamfa a Bata da Malam Habu tsohon hedimasta. Sana'arsu bayan la'asar ita ce shan shayinsa da gyaɗa kai. An shimfiɗe bindigar a kan tebur kamar an kawo lefe, suna ta zuba mata yabo. Alhaji Sani ya rantse ko kamfanin da ya ƙera ta bai kai haka ba. Yallaɓai ya ce ya kira ni ne don cika ƙa'ida kawai, in auna in tafi.

Na sa ƙarfe na farko, sakata ta rufe. Aka yi ta masha Allah. Na sa na biyu, ina addu'a a zuciyata ta cije. Ta rufe sumul, ko gardama babu.

"Ka gani ko, Idi?" in ji Yallaɓai. "Duka biyun ta cinye."

Na fara bayani a hankali, kaina a ƙasa. Ban kai ko'ina ba Malam Habu ya katse ni, ya ce shi duk koyarwar da ya yi bai taɓa ganin an kayar da ɗalibin da ya ci takarda biyu ba. Alhaji Sani ya ƙara da cewa ƙarfen ma ya san wanda ya yi aikin, shi ya sa ya bi. Fuskar Yallaɓai ta ɗaure. Ya tambaye ni ko ina nufin bai iya ba ne.

Mutumin da ya sa hannu aka ɗauke ka aiki, ba ka ce masa bai iya ba a cikin falonsa. Amma ina kallon idon nan na dama, raina yana ɓaci.

"Ranka ya daɗe, ni dai ban ce ta yi ba," na ce. "Dokarka ce, waɗanda suka ce ta yi su fara harbawa."

Babu abin da tsohon shugaba ke so kamar a tuna masa dokarsa. Nan take ya saki fuska, ya ce wannan girmamawa ta Alhaji Sani ce. Alhaji Sani ya ajiye kofi ya ce likita ya hana shi jin ƙara saboda hawan jini. Aka juya kan Malam Habu, ya dafa kafaɗa ya ce sanyin ƙashi ya tayar masa, kuma in an lura da kyau, shi katakon ya yaba, bai ce komai a kan bututu ba.

Yallaɓai ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce to shi zai harba abarsa ranar Asabar. Na roƙe shi ya ba ni safiyar Juma'a a filin gwajinmu, mu ɗaure ta mu ja kunama da igiya daga nesa, kamar yadda shi ya koya mana. Ya yarda, amma ya faɗa mini gaskiya, don ya kunyata ni ne a gaban shaidu.

Na nemi izinin shugabanmu na lokacin, ya bayar yana danne dariya. Da safe suka zo su uku. Muka ɗaure bindigar tsakanin buhunan yashi. Na ce a sa wani abu inda fuskar mai harbi za ta kasance. Yallaɓai ya cire hularsa zanna, sabuwa dal, ya ɗora da hannunsa ya ce ga fuskarsa nan. Muka koma bayan katanga, shaidun biyu sun riga kowa laɓewa. Na ja igiya.

Ƙarar ba irin wadda muka saba ji ba ce. Da hayaƙi ya lafa muka je. Kwanson ya tsage, gefen hular ya ƙone, ɓarɓashin tagulla ya huda ta kamar rariya. Yallaɓai ya ɗauke ta yana jujjuyawa, ɗayan hannun ya kai kan idonsa na dama. Tausayinsa ya kama ni.

Alhaji Sani ne ya fara magana. Ya ce dama shi tun jiya jikinsa ya ba shi akwai matsala.

Yallaɓai ya miƙo mini bindigar ya ce in shigar da ita ɗakin gyara yadda ake shigar da ta kowa, a yi aikin daga farko.

Abin da na koya a ranar shi ne, a sana'ar nan ma'aunin da ke yarda da komai zubar da shi ake yi, amma a falon manya shi ake zuba wa shayi. Saboda haka in kun ga ƙarfe na biyu ya wuce, ku faɗa, ko bindigar wa ce. Hular tana nan rataye a falon Yallaɓai. Na ji an ce har yau, in ya kawo shawara wani ya yi saurin cewa ta yi, sai ya sauko da ita ya miƙa masa ya ce ya sa. Masu gyaɗa kai sun ragu, shayin gidan ya daina ƙarewa da wuri.