Dutsen Tanko da ke cikin wata

Ranar sha huɗu ga Sha'aban, shekarar da annoba ta share shanu, tun Nasara ba su iso ƙasarmu ba, ina taya kakata Inna surfe sai wata ya fito jajir bayan magariba. Kwana uku ke nan da binne ubana Tanko. Shi ya gina rijiyar da ke gindin tudun garinmu, wajen Korahane. A al'adarmu, wanda ya fara kaiwa ga ruwa, da sunansa ake kiran tudun, 'ya'yansa kuma su ke fara jefa guga. Amma ƙanensa Arzika, baƙin mugu, ko sadakar bakwai bai jira ba, ya bi gida-gida da goro yana cewa daga yau Tudun Arzika ne. Manya suka tauna goro suka ƙyale shi. Tir da su!

Inna ta jingine taɓarya, ta nuna mini baƙin tabon da ke cikin wata. "Kin ga dutsen can? Ga tsayinsa ta gabas, ga gangarensa ta yamma, ga kwari a gindinsa. Dutsen Tanko ke nan. Arzika ya hau can ya raba goro in ya isa."

Daga nan mu ke zama na ƙarshe a rijiya, bayan jakuna sun sha. Ni kuwa duk yarinyar da muka tsaya tare sai na koya mata sunan Dutsen Tanko. Ran da Hajo, ɗiyar Arzika, ta ce wata ma na ubanta ne, na farfasa mata tulu na cije ta a kafaɗa. Na sha dukan tsiya, ban yi nadama ba. Kafin damina ta zagayo, yara na waƙar Dutsen Tanko a dandali, har da ƙannen Hajo. Arzika in ya ji sai ya shige ɗaki. Har ya mutu ban gaishe shi ba.

Yanzu rijiyar ta rufta, masu waƙar duk sun shige ƙasa. Bara jikata ta dawo daga lakwal, makarantar boko, a Dakoro, wai mushensu, wato malaminsu, ya ce da gaske akwai duwatsu a wata, amma Nasara sun hange su da madubin hangen nesa tuntuni, sun sa musu sunayen mutanensu. Na ce, "Rijiya suka gina a can?" Ta ce a'a. Ashe Arzika ba shi kaɗai ba ne.

Saura ni kaɗai ke kiran sunan ubana in wata ya cika.