Ranar da Mai Kwando Ya Caje Kowa

A babban kantin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa a wani birnin Turawa, babu mai kiransa da sunan yanka, Mai Kwando ake ce masa. Mai gadi ne, gajere, gemu duk furfura, murya kamar ta mai lallashin jariri. Baƙar fata ne, kuma ya san dalilin da ya sa aka ɗauke shi aiki. Kantin na da dokar da ba a rubuta ba: duk baƙar fatar da ya shigo, a bi shi a baya, a caje jakarsa a ƙofa. In nasu ne ke binsu, wa zai ce wariya ce?

Matarsa ta sha cewa ya ajiye aikin. Shi kuwa sai ya ce, "In na tafi, mai zafin hannu za su kawo." Ya kai kuka wajen masu kantin har ya gaji, sannan ya fito da tasa dabarar. Da manaja ya yi masa raɗa ta rediyon oba-oba, sai ya ɗauki kwandon sayayya ya tari mutum gaba da gaba.

"Yaya, an ce in bi ki," ya taɓa ce wa wata mata. "To. Tunda tafiyarmu ɗaya, kawo in riƙe miki kaya."

"Ikon Allah! Mijina ma bai taɓa rako ni kanti ba."

Wata Asabar, kanti ya cika maƙil, wani sabon mai gadi ya tare wani ƙaton mai gyaran famfo a ƙofa ya ce ya buɗe jaka. Fararen fata na wucewa ta gefensu, babu mai ce musu kanzil. Mutumin ya zazzage jakar a ƙasa, ya ɗago sifana yana ihu.

"Ga abin da na sata! Kullum ni? Kullum?"

Sabon ya zare kulki. Manaja ya kira 'yan sanda. Kowa a wurin ya san yadda ake ƙarewa in suka tarar da baƙar fata yana ihu da ƙarfe a hannu.

Mai Kwando ya kwance nasa kulkin ya ajiye a ƙasa, ya shiga tsakaninsu.

"Ɗana," ya ce wa sabon. "Mayar da kulkin, babu wanda zai ce ka ji tsoro." Ya juya ga mai gyaran famfo. "Ɗan'uwa, gaskiyarka ce, ko ni ne sai na yi ihu. Amma masu zuwan nan ba gaskiya za su tambaya ba, hannunka za su kalla. Akwai mai jiranka a gida?"

"'Yata," in ji mutumin.

"To ba ni ƙarfen nan. 'Yarka ta fi fushinka."

Sifana ta koma hannun Mai Kwando. Ya zaunar da mutumin a kujerar gadi, ya miƙa masa ruwa, sannan ya jawo tebur ya tare ƙofa.

"Jama'a, a yi layi. Yau kowa zai buɗe jaka."

Manaja ya iso yana haki. "Ka haukace ne?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce caje doka ce. In ba kowa ba ne, faɗa da ƙarfi jama'a su ji: su wa zan caje, su wa zan bari?"

Wata tsohuwa farar fata ta dire jakarta a tebur. "Fara da tawa, malam. Shekara da shekaru ina shigowa nan, ashe rainin hankali ne ya hana a duba ni."

Dariya ta ɓarke, layi ya miƙe har bayan kanti. Da 'yan sanda suka shigo, sai suka tarar da mutane na buɗe jakunkuna, wani ƙato na shan ruwa a kujera.

"Ina mai rigimar?"

Tsohuwar ta nuna manaja da sandarta.

Mai gyaran famfo ya koma gida da ƙafarsa. Kafin sati ya zagayo, masu kantin suka kashe dokar, suka kuma damƙa wa Mai Kwando horar da sababbin masu gadi. Darasinsa na farko ba ya canzawa: kowa ya ajiye kulki a bakin ƙofa, a fara koyon gaisuwa.