Haƙorin Makka na Hajiya

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na Yakasai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kakanninmu Fulani ne. Shanun sun ƙare tun kafin a haife ni, amma kunyar tana nan daram. Mahaifiyata, Hajiya, ba ta taɓa kiran sunana ba. Goggo, yayar mahaifinmu, ita ta yaye ni ta riƙe ni a ɗakinta, tsakar gida ɗaya da ɗakin Hajiya. In Hajiya tana son buta, sai ta dubi bango ta ce, "Wata ta miƙo buta." Ni ce watan. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani.

Hajiya tana da haƙorin Makka a fiƙarta ta sama, ta hagu. Sau ɗaya ta je aikin Hajji, tare da mahaifinmu, shekara biyu kafin ya rasu, a can aka lulluɓe mata haƙorin da zinariya. Lokacin da na shiga makarantar koyon aikin taimaka wa likitan haƙori, haƙorin nan ya fara damunta. Ba ta faɗa ba, Hajiya ba ta faɗar ciwo. Ƙamshin kanumfari na riƙa ji duk sanda ta wuce ni, kuma na lura ta koma tauna da gefen dama.

A makaranta muna da wani malami gajere mai saurin fushi, shi ke koya mana sassan jiki. Ya sa mun haddace ƙasusuwan kai, ya sa mun zana muƙamuƙi har hannu ya gaji. Wata ranar Talata ya zo da haƙori na gaske da aka tsaga biyu daga sama zuwa ƙasa, ya sa aka zagaya da shi a faranti. Ya nuna mana farin ɓawon waje, ya ce babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, amma in ya lalace ba ya sake tsirowa. A ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan rawaya, mai laushi, wanda ruɓa ke ci da sauri. Can a tsakiya ɗan rami ne, mazaunin jijiya da jini, ya bi ta cikin saiwa ya shige ƙashi. Ya ce saiwar fiƙa ta fi ta kowane haƙori tsawo, ta sama tana kusa da gefen hanci, kuma hanyoyin jinin wurin suna bi ta bayan ido su shiga cikin kai.

Sannan ya ƙwanƙwasa tebur. "Ku rubuta wannan. In haƙori ya daɗe yana ciwo ya yi shiru dare ɗaya, ba warkewa ya yi ba. Jijiyar ce ta mutu. Ruɓar tana nan tana gangarawa."

Na rubuta. Rubutuna mai kyau ne, har ja masa layi na yi.

Bayan wata guda na dawo gida da la'asar na tarar ana rabon waina a zaure. Goggo ta ce sadaka ce, ciwon haƙorin Hajiya ya tafi, kwana uku ke nan ko ɗis ba ta ji ba. Hajiya na zaune a kan tabarma tana tsinkar zogale, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka an daɗe. Nan take na tuna layin da na ja a littafina.

A asibitin da muke zuwa koyon aiki, kullum sai na ce wa baƙi su buɗe baki. Dattawa masu furfura, matan aure, 'yan kasuwa, duk in sa safar hannu in ja musu leɓe in haska fitila, ko a jikina. Amma in tsaya a gaban Hajiya in ce ta buɗe baki in gani? Yaya ma zan fara? Ko idonta ban taɓa kallo sosai ba.

Sai na bi hanyar da muka saba. Na samu Goggo a ɗaki na yi mata bayani, har na zana mata haƙori a bayan littafina. Na ce a cire zinariyar a duba ƙarƙashinta, wataƙila ma a cire haƙorin gaba ɗaya. Goggo ta ɗaga murya daga inda take.

"Kin ji 'yarki likita. Wai a cire haƙorin Makka."

Hajiya ba ta ɗago ba. Ta ce, "A gaya mata na ji. Wanda ya sa aka saka mini shi ba ya nan, ba mai cire shi. Kuma ai ya daina ciwo."

Shi ke nan, na yi shiru. Wannan shirun nake tuhumar kaina da shi har yau. Da na yi rashin kunya sau ɗaya a rayuwata, da na zauna a gabanta na yi kuka na ƙi tashi, da na kira kawunmu na Kabara wanda take jin maganarsa. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce wa kaina bari in gama jarrabawa tukuna, sai in san dabarar da zan yi. Gaskiyar magana tsoro nake ji a ce 'yar fari ta yi boko ta fitsare.

Mako uku aka yi lafiya. A na huɗu leɓenta na sama ya kumbura, Goggo ta ce iska ce, aka shafa man zafi. Kwana biyu kumburin ya hau gefen hanci, zazzaɓi ya rufe ta. Ranar da na rubuta jarrabawar sassan jiki, na dawo na tarar idonta na hagu ya rufe ruf, fatar ta yi sheƙi. A takardar da na baro ɗazu an tambaye mu ta ina ciwon fiƙar sama ke bi ya kai ga ƙwaƙwalwa, kuma na amsa daidai.

Lungunmu mota ba ta shiga. A tabarma aka ɗauko ta zuwa bakin titi, muka sa ta a adaidaita sahu. Likitan da ya duba ta ya ga farar rigar makaranta a jikina, don ban samu na cire ba. Ya tambaye ni abin da nake karanta, na faɗa masa. Ya tambaye ni yaushe haƙorin ya daina ciwo, na faɗa masa wannan ma. Sai kawai ya ci gaba da rubutu. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyar ta yi. Ranar ta uku ta ɗan farfaɗo, ina zaune a gefen gado ina yi mata fifita. Ta juyo da idon da ya rage ta dube ni, ta daɗe tana kallona, abin da ba ta taɓa yi ba. Na zaci za ta yi mini magana. Sai ta ce wa Goggo, "A ce mata ta je ta ci abinci."

Da Hajiya ta rasu aka zo yi mata wanka, Goggo ta ce in zo in ɗaure mata haɓa, tunda ni na san wurin. Na tallafi muƙamuƙin da tafin hannuna, na ji gaɓar nan ta gaban kunne da malam ya sa muka lalubo a jikinmu, na rufe bakin a hankali, na zagaya da ƙyalle na ƙulle a tsakar ka. Ban taɓa taɓa fuskarta ba sai ranar, kuma da sauran ɗumi a jikinta.