Ƙwai Ɗaya a Ƙofar Misis Illingworth

Shekara talatin da biyu muna bango ɗaya da Misis Illingworth, ban taɓa ganin an yi mata abu ta kwana ba ta rubuta katin godiya ba. Mu nan layinmu in an miƙo maka abu sai ka ce "ciyas" a madadin "na gode" ka wuce. Ita ta ce wannan kalmar mashaya ce, ta ɗaga kofi, ba za ta fito daga bakinta ba.

Kakarta ce ta rene ta. Duk kyautar Kirsimeti da aka ba ta, sai ta zauna ta rubuta wa mai kyautar wasiƙa kafin a bar ta ta taɓa. Shekarar da ta yi gardama, tana kallo aka mayar da 'yartsanar kanti. Ta girma, ta yi shekara arba'in a masaƙar ulu, ta auri Cedric mai gyaran bas. Da ya mutu, kati tamanin da ɗaya ta rubuta, har da na mai haƙa kabari.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tsokana. Da na gane halinta sai na mayar da abin wasa. In ajiye mata ƙusa ɗaya a bakin ƙofa, washegari kati ya faɗo ta kafar wasiƙa da ke jikin ƙofar gidana. In ajiye albasa ɗaya, kati.

"Tsohuwa, za ki ƙarar da takardar Ingila a kaina," nakan ce mata ta kan shinge.

"Wilfred, kai dai ba ka da kunya. Da gemunka fari kana abin yara."

"To ki daina rubutawa mana."

"In na daina, ka kira mai akwatin gawa."

Matata Glenys ta sha ce min in ƙyale baiwar Allah, ƙafafunta sun fara rawa. Ban ji ba.

Ranar Talata kazata ta yi wani ɗan mitsitsin ƙwai. Na naɗe shi a jarida, na ajiye mata, na ƙwanƙwasa na gudu. Da yamma na duba, ta ɗauka.

Laraba babu kati. Na ce wa Glenys, "Yau na yi galaba a kan tsohuwa." Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Alhamis da safe na sauko na dubi tabarmar ƙofa. Takardar tallan tagogi kawai. Shayin da na haɗa ya huce a hannuna. Na kara kunne a bango, ba rediyo, ba tarin nan nata na safe.

"Ƙila 'yar ɗan'uwanta ta zo ta ɗauke ta," in ji Glenys.

"Da ta aiko da katin kafin ta tafi."

Mu ba ma faɗa wa gidan mutum haka kawai. Shekara talatin da biyu ban wuce dakalinta ba. Na tsaya a gaban ƙofar ina tunanin abin da zan ce in ta buɗe ta ganni da silifas. Na ƙwanƙwasa a hankali, sannan da ƙarfi. Shiru. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na ɗaga murfin kafar wasiƙa na leƙa.

Takalminta ɗaya na fara gani a kan matakala ta huɗu. Sai hannu a ƙasa, tafin yana kallon sama. Kusa da yatsun akwai farin ambulan, da sunana a jiki.

"Misis Illingworth," na ce ta kafar. "Ni ne, shaƙiyyin nan."

Yatsa ɗaya ya motsa, ko kuma idona ne.

Glenys ta kira motar asibiti. Da suka ɓalle ƙofar, sanyin da ya fito daga gidan ya fi na waje. Suka ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma tun safiyar Laraba take kwance a wurin, ga rigar fita a jikinta, ta sa maɓallanta duk daidai. Gidana za ta zo. Taku goma sha biyu ne.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya miƙo min ambulan ɗin. "Naka ne, baba?" Na karɓa, na sa a aljihu.

Yau kwana tara tana asibiti. Takan farka, takan koma. Likita ya ce a shekarunta ba ya yi wa kowa alkawari. Duk sanda waya ta yi ƙara sai in bar Glenys ta ɗauka, ni in fita wajen kaji.

Jiya ma'aikaciyar jinya ta gaya mana sun kama ta tana ƙoƙarin saukowa daga gado, wai tana neman alƙalami ta rubuta kati saboda wata ta gyara mata matashin kai. Sai da mutum biyu suka riƙe ta.

Glenys ta sayo inabi ɗazu, ta ce mu kai mata gobe. Na karɓe ledar na sa a firji.

"Mu je hannu rabbana," na ce. "Kada a kai mata komai."