Bakin Zibrim da Aka Ɗaure a Bawku

Zibrim tela ne a bakin kasuwar doya ta Salaga, jikan fataken goro, mutum mai sanyin hali. Yana saurayi wani ciwo ya same shi. Sai ya riƙa jin muryoyi suna zaginsa, suna ce masa ya faɗa rijiya, alhali ba kowa a kusa.

Yayarsa Muniratu, mai sayar da doya, ita ta kai shi asibiti a Yendi. Aka ba shi ƙwayoyi, wani nas kuma ya koya masa dabara: da zarar muryoyin sun taso, ya kama zikiri a fili har kunnensa ya ji bakinsa. Abin kuwa ya karɓe shi. Shekaru ya yi yana taka keke yana hailala, ya yi ƙiba, ɗinkin Salla har yana yi masa yawa.

Sai ga Kawu Idirisu ya dawo daga Kumasi da gemunsa da iyayinsa. Mutumin da bai taɓa tambayar ko Zibrim ya ci abinci ba, shi ya ga leɓe na motsi ya yanke hukunci: yaron nan hira yake da mutanen ɓoye. Ya bari Muniratu ta tafi ƙauye sarin doya, ya sa shi a mota sai Bawku, gidan wani mai cire aljanu.

Da ta dawo ta ji labari, ko kaya ba ta sauke ba ta bi su. Wari ne ya fara tarbarta tun daga zaure. Ta iske ƙanenta a gindin darbejiya da sarƙa a ƙafa, zaune cikin fitsarinsa, ƙudaje sun rufe miki a bayansa, an ɗaure masa baki da tsumma. Ƙwayoyin an zuba su a masai. Safe da yamma mai cire aljanun yakan kafa baki a kunnensa yana ƙwala karatu, yana tsula masa bulala.

"Hajiya, aljanin nan na da wayo," in ji shi, yana sakace haƙori. "A bayan sunan Allah ya ɓuya, shi ya sa na toshe bakin."

Muniratu ta dube shi sama da ƙasa. Wai wannan ƙazami shi ake kira malam! Ta tofar da yawu a gabansa, ta kwance ƙanenta da hannunta.

Aka koma Yendi, aka sake ba shi magani, mikin ya warke. Wata rana da rana Muniratu ta ga idonsa ya fara yawo, ta matso kusa.

"Zibrim, yi zikirinka mana."

Ya toshe kunnuwa da hannu biyu.

"Yaya, ba zan iya ba. Yanzu in na fara, da muryar mutumin nan suke amsa mini."