Rigar Mai Fenti

Mijina mai fenti ne a wancan lokacin. Da sassafe yake hawa babur ya ratsa gonakin gero har Ungogo, inda suke fesa wa adaidaita sahu fenti ruwan ɗorawa a wata rumfar kwano. Da yamma ya dawo mini da launin a gemu, a gashin ido, har ƙarƙashin farce. Nakan tsokane shi cewa ni fa mutum na aura, ba keke ba.

Ƙamshin na fi tunawa. Tina suke ce wa ruwan da ake sirka fenti da shi, da shi kuma suke wanke hannu idan an tashi aiki. Masu fenti duk sun yarda madara tana wanke ƙirji, don haka kullum ina ajiye masa nono a ƙwarya. Ya shanye, ya goge baki, ya ce ai shi ke nan, fenti ya fita. Ni ma ban taɓa shakka ba.

Da na samu ciki, wasu matan tsamiya suke kwaɗayi, wasu farar ƙasa. Ni rigar aikinsa. Nakan hana shi fita da ta jiya, in rana ta take in shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya in rufe fuska da ita. Kaina ya yi sakayau, dakan maƙwabta ya koma can nesa kamar daga cikin rijiya. Sai in ga wata 'yar yarinya tana tafiya tsakanin kunyoyin gero, ganye yana shafar kafaɗarta. In yi ta kira, ba ta juyowa. Wallahi daɗin wannan kwanciya ba ya faɗuwa.

Cikin ya zube. Na bayansa ma haka, da na bayan wannan. Inna, mahaifiyarsa, ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, sai dai kullum tana tafe da rubutu da turaren hayaƙi, wai iska ce ta shafe ni a bakin rafi. Na sha har na gaji da sha. A gidan suna kuwa, da na miƙa hannu zan karɓi jariri sai hira ta tsaya. Wannan ya fi komai ci mini rai.

A asibitin birni muka gamu da wata likita. Tana cikin yi mini tambayoyi sai ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta tambayi maigidan sana'arsa. Ya faɗa mata, har da alfaharin cewa bai taɓa fashin shan nono ba. Ni kuma na ba ta labarin rigar.

"Malam, nono ciki yake tafiya," in ji ta. "Wannan abin ta numfashi da fata yake shiga jini. Yana iya lalata ƙwayar haihuwar namiji tun kafin a samu ciki, yana iya taɓa ɗan da ke ciki."

Ta ce ba za ta rantse shi ne sanadi ba, amma in muna son ɗa, mu duka mu nisance shi.

Muka dawo gida. Don sabo na ɗauko ƙwaryar nono na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonta.

"Duk shekarun nan ke ake yi wa magani," ya ce. "Ni kuma ina shigo miki da shi a wuya."

Ya tashi ya tafi ɗakin Inna ya gaya mata da bakinsa. Da ya fito ya cusa rigar a murhu. Abin kunya, na yi wa rigar nan kuka.

Ya koma gonar mahaifinsa, gyaɗa da gero, rani kuma albasa a fadama. Ruwan ɗorawan ya bi farcensa yana fita a hankali, har wata rana na duba babu. Muka yi ta jira.

Da farkon wata damina na tashi da kwaɗayin ƙamshin nan, har yawuna yana tsinkewa. A nan na gane ina da ciki, tsoro ya kama ni. Na roƙi maigidan ko tsumma ne mai tina ya samo mini, na yi fushi, na ce ba ya tausayina. Ya ƙi. Ya ɗebo ruwa a moɗa ya watsa wa katangar ƙasa, ya ce in matso in shaƙa. Haka ya yi ta yi mini kullum, har katangar ta fara zaizayewa. Wannan cikin ya tsaya, na haifi mace.

Bana da gero ya tasa na kai masa abinci gona. 'Yarmu ta zame daga hannuna ta shige cikin gero, ganye yana shafar kafaɗarta. Na kira ta, ta juyo.